Wai sun gama Salvador kafin azahar

Tun jiya da daddare maganar nan take ci min tuwo a ƙwarya, gara in amayar da ita ko na samu barci. A jirgin ruwa na yawon buɗe ido muke. Kwana shida muka yi a kan Atlantika ba mu ga ko tudun tururuwa ba, sannan jirgi ya tsaya a Salvador ta jihar Bahia a Brazil. To muna cin abincin dare sai wani Alhaji da muke tebur ɗaya ya goge baki ya ce min, "Malam, ai mu mun gama Salvador tun kafin azahar." Mun gama! Sai ka ce kwanon fura aka miƙa masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ka gani?" Ya zaro waya. Ga shi nan tsaye a dandalin Pelourinho, gidaje masu launin ɗorawa da shuɗi a bayansa, ya ɗaga yatsu biyu yana washe baki. Na tambaye shi ma'anar sunan wurin, ya ce ai sunan unguwa ne kawai. Pelourinho a harshen Fotugal turke ne da ake ɗaure bawa a zane shi da bulala a bainar jama'a. A nan Alhaji ya yi murmushinsa mafi kyau. Ban ga laifinsa a hoton ba, kowa ma ya ɗauka, ni ma na ɗauka. Abin da ya ƙona min rai kalmar "gamawa" ce.

Alhaji, ba ka ga Salvador ba. Bas mai sanyi ka gani. Ƙeyar jagora ka gani, da tutar da yake ɗagawa kuna bin sa kamar tumakin da aka sako daga kiwo. An ba ku minti goma a cocin São Francisco mai bangon zinare, an ba ku minti arba'in a shagon tsaraba. Ku lissafa da kanku wa aka yi wa aiki.

Abin da ya fi zafi, Bahaushe ne ya faɗi haka. Da Bajamushen da ke ɗaki kusa da nawa ne, sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Amma garin nan akwai jininmu a cikin ƙasarsa. Yaƙe-yaƙen da suka ɓarke a ƙasar Hausa daga 1804 sun jefa mutane da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku, aka sauke su a wannan gaɓar da jirginmu ya tsaya. A 1807 hukumomin Bahia suka bankaɗo shirin tawayen Hausawa. Aka sake a 1809, aka sake a 1814. Sai babban, na watan Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wanda suke kira tawayen Malê, wato Musulmi. Akasarinsu Yarbawa ne, kada wani ya ce na ƙwace musu tarihi, amma da Hausawa da Nufawa a ciki. Mutum wajen 600 suka fito titi cikin dare sanye da fararen riguna, aka kashe kusan 70. Da aka caje gawarwakin sai aka tarar da layu a wuyansu, ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci. Cikin malaman da aka kama har da wani Bahaushe da ya fita daga bauta, mai sayar da taba, ana ce masa Dandará.

Jiya na tsaya a gangaren Ladeira da Praça, inda faɗan ya fara, ba wani abin kallo, motoci ne ke wucewa. Amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum an raba shi da uwa da uba, an sauya masa suna, yana dako a kan dutsen nan da rana, da dare kuma ya ɓuya ya ɗauki allo. Na karanta musu Fatiha a tsaye, wani mai sayar da ruwan kwakwa yana kallona kamar na zautu.

Na san abin da za ku ce. "Ai akwai ɓarayi." Akwai, wa ya musa? Ka cire agogon, ka bar sarƙar Hajiya a jirgi, ka sa waya a aljihun gaba. Wanda ya taɓa shiga kasuwa ranar jajibirin salla ba sai an koya masa wannan ba. "Ai ba ma jin yarensu." Ni ma kalma uku na iya, kuma da su na ci abinci na dawo. "Ai jirgi zai iya tafiya ya bar mutum." Daga tashar zuwa kasuwar Mercado Modelo tafiyar ƙafa ce, a gabanta kuma ga Elevador Lacerda, lifta mai tsayin mita 72 da ke ɗaukar mutum daga ƙasan gari zuwa samansa, tun 1873 take wannan aiki. Ka hau, ka fito, kana cikin tsohon gari. Wane barin jirgi? Lalaci ne kawai aka ɗaura wa rawani.

Garin da aka kafa a 1549, ya riƙe babban birnin Brazil har 1763, a ƙasar da ba ta soke bauta ba sai 1888, shi ne wani ya gama tsakanin karin kumallo da azahar. Ni na yi awa takwas ƙafata ta kumbura, kuma ko ƙofar garin ban ce na gani ba. Ka ce ka leƙa, Alhaji. Ka ce ka ratsa. Kada dai ka sake cewa ka gama, don gobe za mu tsaya wani gari, kuma na san da bakin nan za ka dawo tebur.

Af, ƙosai! Na kusa mantawa. Suna da shi, sunansa acarajé, kun ji akarar Yarbawa a ciki. Mata masu fararen kaya da ɗaurin kai ke soya shi a bakin titi, da wake kamar namu, sai dai a manja, kuma girmansa ya kai dunƙulen hannu. Su tsaga shi biyu su cusa masa jatan lande da wani kauri mai gyaɗa da miyar kuɓewa. Idan matar ta tambaye ka ko kana son "mai zafi", barkono take nufi, ba zafin wuta ba. Na ce mata ƙwarai. Har yanzu harshena bai yafe min ba. Kuma har na zagaye dandalin sau biyu ina neman mai koko, babu. Ƙosai ba koko, wannan wace irin rayuwa ce?