Kafin ku miƙa wa wani makullin manhaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ƙannena masu rubuta manhaja a nan Kano, waɗanda muke haɗuwa a tarukan fasaha ko a kasuwar waya ta Farm Centre wajen gyaran kwamfuta.

Duk wanda ya yi zaman Kantin Kwari ya san maigida ba ya ba yaro makullin shago don ya iya lissafi. Sai ya yi shara da ɗaga dila, an aike shi banki ya dawo da canji cif, an ga yadda yake yi da mai ciniki mai baƙar magana. Shekara biyu, uku, kafin wata rana da yamma a ce masa, "Ungo, gobe kai za ka buɗe." To me ya sa mu, da muka yi wahalar gina buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa zai iya karanta rubutunta ya kawo gyara, muke miƙa makullinta ga wanda ya fi mu surutu a zauren WhatsApp?

Bari in fara da kaina, don na taɓa yin wannan wauta. Mun haɗu mu kaɗan muka yi wata 'yar manhaja mai gyara rubutun Hausa, tana mayar da k, d, b zuwa ƙ, ɗ, ɓ inda ya dace. Da aka zo zaɓen mai kula da ita a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja ana aiki tare a kai, ba a ma yi muhawara ba. Akwai wani a cikinmu da ya fi kowa ƙwarewa, kuma ya girme mu, to wa zai buɗe baki ya ce a'a? Kunya ta hana. Muka bar masa komai shi kaɗai: izinin karɓar gyara, izinin fitar da sabon zubi (wato sabuwar fitowar manhajar), har imel ɗin aikin. Bayan wata biyar ya samu aiki da wani kamfanin waje, ya yi ɗif. Ba mugu ba ne, wallahi, hidima ce ta sha kansa. Amma wata ɗaliba ta turo gyara mai kyau, ta yi ta jira, ta rubuta "Don Allah ko an duba?" har sau uku, babu wanda ke da ikon danna maɓallin karɓa. Na ga saƙonta na uku ina cikin Adaidaita Sahu a kan titin Zoo, na kife wayar a cinyata don kunya. Daga nan ba ta sake turo komai ba.

Abin da muka kasa ganewa shi ne, aikin mai kula daban, aikin gwanin rubuta manhaja daban. Yawancin aikin mai kula karatu ne: karanta gyaran wasu layi-layi, amsa tambayar da aka riga aka amsa sau goma, cewa "wannan ba zai shiga ba" cikin lafazin da ba zai kori mutum ba. Aiki ne na kyauta, da datarka da cajinka, wani lokaci an ɗauke wuta kana lallaɓa batirin da ya rage. Don haka ku duba wanda ya riga ya fara wannan aikin tun ba a naɗa shi ba. Tarihin aikin yana nan a rubuce, ba sai an tambayi kowa ba. Wa ke amsa wa sababbin shiga? Wa ke gyara bayanin yadda ake girka manhajar, aikin da kowa ke gudu? Wa aka taɓa ƙin karɓar gyaransa bai yi fushi ya fice ba? Sau da yawa za ku tarar mai shirun nan ne, ko wata 'yar'uwa da ba ta ma zuwa taro.

Sai dai haƙuri da naci ma ba su isa shaida ba, kuma a nan nake so ku nutsu. Akwai wata manhaja mai matse fayil, XZ Utils, wadda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana riƙe da ita ba albashi. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo ƙananan gyare-gyare masu tsafta. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka fara matsa wa Collin lamba, wai aiki ya tsaya, a nemo wani mai kula. Shi kuwa ya gaji, har ya faɗa da kansa cewa yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Sannu a hankali Jia Tan ya samu makulli. A farkon 2024, cikin zubi na 5.6.0 da 5.6.1, ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane daga nesa. Allah Ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya bazu ko'ina. Rabin daƙiƙa fa! Jia Tan ɗin nan ya fi shekara biyu yana sharar shago kafin ya kai hannu aljihun tebur. Irin haka ta faru a 2018 da wata manhaja mai suna event-stream: mai ita ya daina amfani da ita, wani baƙo ya ce zai karɓa, aka ba shi, ya cusa abin satar kuɗin Bitcoin.

Ku lura, duka biyun mai kula ɗaya ne, ya gaji, babu na biyu da zai ce masa dakata. Shi ya sa nake roƙonku kada makulli ya zauna a hannu ɗaya, ko da hannun mai gaskiya ne. Ku naɗa aƙalla biyu, ku saita ma'ajiyar, wato inda rubutun manhajar yake, yadda babu gyaran da zai shiga sai wani ya duba, har gyaran shi mai kular. Ku riƙa ba da iko mataki-mataki: tukuna tace ƙorafi, sannan karɓar gyara, fitar da zubi a ƙarshe. Kuma duk wanda ya zo yana gaggawar a ba shi, ko ya taho da 'yan amshi masu cewa an yi jinkiri, ku ƙara masa jinkirin.

Mu a Kano muna da wata dama da Collin bai samu ba: muna iya sanin mutum ido da ido, mu san unguwarsu, mu san wanda ya koya masa. Debian ma, ƙungiyar 'yan sa kai da ke haɗa wani nau'in Linux, ta daɗe tana neman tsofaffin mambobi su tabbatar da ko wane ne sabo kafin a ba shi iko. Amma kada sanayya ta koma "ai ɗan unguwarmu ne". Sani dabam, cancanta dabam.

Abu na ƙarshe da ba ma son faɗa: ku yanke yadda za a sauka tun ranar hawa. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen rubuta manhaja mai suna Python, ya ajiye shugabancinsa a 2018, sai da aka zauna aka tsara majalisar mutum biyar da ake zaɓa, ta fara aiki a 2019. Debian kuwa duk shekara take zaɓen shugaba. Ku rubuta a fili cewa wa'adi shekara ɗaya ne, kuma wanda ya yi wata uku ba a ji ɗuriyarsa ba za a janye ikonsa ba tare da gaba ba. Bautar ƙasa za ta zo, aure zai zo, jarrabawa za ta zo.

Tamu manhajar dai sai da muka kwafe ta zuwa sabuwar ma'ajiya muka sake mata suna. Ɗalibar nan na nemo lambarta na ba ta haƙuri, na ce ta zo ta zama ɗaya daga cikin masu kula. Ta ce ta gode, Yaya, amma yanzu tana taimaka wa wani aikin, inda ake amsa mata cikin kwana biyu.