Kogin Tana: a bar masu kwale-kwale su tari mai doro

A duk shekarar mara, irin su 2021 da 2023, da watan Agusta ya raba tsakiya sai Kogin Snohomish na jihar Washington a Amurka ya cika maƙil da ƙananan jiragen ruwa tun da asuba. Uba da 'ya'yansa, dattawan da suka ajiye aiki, ma'aikacin da ya saci kwana guda daga ofis, kowa riƙe da sandar fatsa, a bakin zaren an ɗaura ɗan ƙarfe mai launin ruwan hoda. Salmon mai ruwan hoda suke jira, kifin da namijinsa ke tsiro doro a gadon baya idan lokacin zubar ƙwai ya gabato. Miliyoyinsa ke hawa kogunan yankin, har hukuma kan ƙara adadin da mutum zai iya kaiwa gida a rana. A bazarar waɗannan shekarun dai, can a ƙuryar arewacin Norwe, gwamnati na zuba kuɗi tana datse koguna da shinge don kada wannan kifin ya sa kai ciki.

Kowa da hujjarsa. A Washington mai doro ɗan gida ne, a Norwe kuwa baƙo ne da ba a gayyata ba. Inda nake da ja shi ne yadda ake yaƙarsa a Kogin Tana da ke iyakar Norwe da Finlan, inda aka sauke mutanen da suka fi kowa sanin ruwan daga kwale-kwalensu, aka damƙa aikin a hannun injiniyoyi.

Shi ne ƙarami a dangin salmon na Tekun Fasifik, yawanci bai wuce kilo biyu ba, kuma shi ya fi yawa: cikin duk ukun da ke dawowa daga wannan teku, kusan biyu shi ne. Rayuwarsa shekara 2 ce cif. Ana zuba ƙwai a tsakuwar kogi a ƙarshen bazara, su ƙyanƙyashe cikin hunturu, 'ya'yan su gangara teku tun ba su kai tsawon yatsa ba, su yi kamar wata 18 suna kiwo, su dawo su zuba nasu ƙwan, sannan su mutu gaba ɗaya. Shi ya sa zuriyar shekarun mara ba ta haɗuwa da ta shekarun cika ko da kogi ɗaya suke hawa.

Ba shi ya kawo kansa Turai ba. Tarayyar Sobiyet ce ta fara kwaso ƙwansa daga tsibirin Sakhalin a 1956 tana zubawa a kogunan yankin Kola, daf da iyakar Norwe. Wancan irin na kudu ne, sanyi ya fi ƙarfinsa, bai zauna da gindinsa ba. A 1985 aka kawo wani daga Kogin Ola kusa da Magadan, wanda ya saba da ƙanƙara, shi ne ya kama wuri. An yi shekaru ana ganinsa jefi-jefi a gabashin lardin Finnmark, sai a 2017 ya ɓarke, ya bazu a kogunan Norwe daga arewa har kudu, ya leƙa har na Birtaniya. A 2021 wanda aka kama a Norwe kaɗai ya haura 200,000. Masana na ganin ɗumamar ruwan Tekun Barents ce ta share masa hanya.

Tana, wanda mutanen Finlan ke kira Teno, 'yan ƙabilar Sami kuma Deatnu, shi ne iyakar Norwe da Finlan na tsawon kilomita 250 da 'yan kai kafin ya karkata ya faɗa teku. An daɗe ana sa shi a sahun gaba cikin kogunan salmon ɗin Atlantika a duniya. Salmon ɗinsa na da zuriya kusan 30, kowace da rafin da take komawa, kuma a nan aka taɓa jawo guda mai kusan kilo 36 da fatsa. Rayuwar Samin bakin kogi, daga Karasjok zuwa Utsjoki da Nuorgam, a kan wannan kifi aka gina ta. Kwale-kwalensu dogo ne siriri, an ƙera shi don ruwa mai gudu da duwatsu. Mai tuƙi kan zauna da filafilai biyu yana saƙa kogin daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya bar ruwa na janye shi ƙasa sannu a hankali, zaruruwan fatsa biyu ko uku na lilo a bayan jirgin, ko da tsakar dare ne, tun da a bazara rana ba ta faɗuwa a can. Wanda ya tashi cikin wannan aiki ya san ramin da kifi ke hutawa, ya san dutsen da yake raɓawa idan ruwa ya ja baya.

Ɗan gidan, wato salmon ɗin Atlantika, ya yi ta raguwa har a 2021 ƙasashen biyu suka hana kama shi kwata-kwata a Tana, aka kuma ci gaba da sabunta haramcin. Ban ga laifin wannan ba, don kifin da ke dawowa daga teku ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma su kansu masunta, na gida da 'yan yawon buɗe ido, suna da nasu kason a cikin lalacewar. Sai dai shekarar da aka ɗaure kwale-kwale a gaɓa ita ce shekarar da mai doro ya shigo da dubun dubata. Mutane na tsaye suna kallon kifi ya cika ruwa, ba halin taɓawa, zuwa ƙarshen bazara kuma gawarwakinsa suka jibge a gaɓa suna ɗoyi.

A 2023 hukumar muhalli ta Norwe ta gina katafaren shinge mai tarko kusa da garin Tana bru, da nufin a tare kowane kifi, a saki ɗan gida, a kashe baƙo. Abin da tarkon ya kama bai kai 10,000 ba, alhali na'urar ƙidaya da ke can sama ta nuna fiye da 100,000 sun wuce. Kifin ƙarami ne, ya samu kafa. Mutanen yankin kuma suka yi ta ƙorafin cewa ɗan gidan da ake son ceta, mai girman jiki da yawan tsoro, shi shingen ya fi tsarewa. Ba wai tarko ba ya aiki ba ne. A ƙananan kogunan Finnmark ya yi aiki sosai, kuma 'yan ƙungiyoyin farauta da su na garuruwan ne ke kwana a kansa suna kwashe kifi. Tana ne ba ƙaramin rafi ba: faɗi gare shi, gindinsa yashi, ruwansa na hawa da sauka yadda ya ga dama.

Akwai abin da kowane mai jirgi a Snohomish ya sani wanda ya kamata a ɗora tsarin a kansa. Mai doro da ya fito daga teku jiya fari ne fes kamar azurfa, namansa mai kyau. Amma naman da laushi, ba ya jira. Da an ɗago shi sai a ƙwala masa sanda a ka, a yanke matsefin numfashinsa jini ya tsiyaye, a cusa shi cikin ƙanƙara nan take. Wanda ya bar shi a ƙasan jirgi rana na dukansa har azahar, zai koma gida yana cewa kifin banza ne. In kuwa ya yi makonni a kogi, launinsa ya dushe, doron ya fito, naman ya saki, sai dai a yi taki da shi. Ke nan lokacin da yake abinci shi ne lokacin da bai zuba ƙwai ba, shi ne kuma lokacin da cire shi ke da amfani. 'Yan makonni ne kacal, a ƙasan kogi, kuma kifin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Aiki ne na hannu da yawa da ido mai sanin ruwa, na mutanen da za su ga garken ya taru a wancan tudun yashi da la'asar su kewaye shi da taru kafin ya matsa. An ɗan buɗe ƙofa a 2023, aka ba wasu 'yan yankin izinin kama shi bisa sharuɗɗa masu tsauri, amma a gefen babban shiri aka ajiye su, ba a tsakiyarsa ba.

Masu adawa za su ce koma ba ta tambayar kifi asalinsa, kuma ɗan gidan ya yi ƙarancin da ko ɗari aka rasa asara ce. Gaskiya ne. Sai dai ba kowace koma ce ke kisa ba. Wadda ake shimfiɗawa a bari ta kwana, kifi ya maƙale ya shaƙe, ita kam a ci gaba da hana ta. Taru kuwa da rai yake kawo kifi bakin gaɓa, ana iya zare ɗan gida a mayar da shi ruwa cikin daƙiƙoƙi. A Washington ma ba ruwa ne na mai doro shi kaɗai ba. Salmon ɗin Chinook na yankin Puget Sound yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana tun 1999, kuma a tsakiyarsa ake wannan su, da dokar saki, da ƙugiya marar ƙaya a wurare da dama, da rufe kogi idan an ga ɓarnar za ta wuce kima. Tsarin bai rasa tangarɗa ba, masu jirage ma kullum cikin gunaguni suke, amma bai kai ga korar kowa daga ruwa ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma mu a nan Afirka mun ga irinta. Giwan ruwan da ake ɗagawa sama ana guɗa a Argungu, shi aka zuba a Tafkin Victoria a shekarun 1950 da 1960. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, nau'in ƙananan kifayen asali kusan 200 suka ɓace. Da masana'antun sarrafa shi suka tsaya a Mwanza da Kisumu da Jinja suna tura nama Turai, maganar kawar da shi ta mutu; yanzu ma doka ce ke kare ƙananansa. Hukumomin Norwe na tsoron haka, cewa ranar da mai doro ya zama kuɗi, ranar zai samu masu kare shi. Tsoron na kan hanya, amma maganinsa a tsari yake: a biya mutum ladan cirewa, a bar shi ya ci ya yi banda ya sayar, kada a ba kowa kason dindindin, kada a taɓa kafa dokar barin iri. Barin tan-tan na abinci ya ruɓe a gaɓa bai rage ko ƙwai ɗaya a tsakuwa ba.

Ga kuma batun haƙƙi. A 2022 Kotun Ƙolin Finlan ta wanke wasu Sami da aka gurfanar kan su a rassan Tana, ta ce takunkumin da aka sa musu ya taka 'yancin raya al'adarsu da tsarin mulki ya ba su. Yaron da ke shekara 10 lokacin da aka rufe kogin ya wuce shekarun da ake koyon riƙon filafili a gaban kaka. In ɗan gidan ya farfaɗo nan da shekara 20, wa zai san yadda ake binsa? Mai doro, duk da ba shi aka so ba, ya isa ya riƙe kwale-kwale a ruwa kafin lokacin.

Kawar da shi baki ɗaya kuwa ba ta taso ba. Matattararsa na Kola, inda Rasha ke kallonsa a matsayin arziki, kuma kifi ne da ba ya nacewa sai ya koma kogin da aka ƙyanƙyashe shi, duk wanda ya tarar shiga yake. Ko an share Tana tas a bana, bayan shekara 2 wasu za su zo daga gabas. Aikin da za a maimaita duk shekarar mara ne, don haka a kasafin da gwamnatocin Norwe da Finlan ke warewa, ladan masu taru da kuɗin ƙanƙara da wurin banda su samu layinsu kusa da na shingen.