A Paris ake cewa mata ba sa cika fili?

Wallahi abin da aka yi a gasar tennis ta French Open ta 2025 har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wasannin dare kaf, ko ɗaya ba a ba mata ba, kamar dai yadda aka yi a 2024. Ons Jabeur, 'yar wasan tennis ta Tunisiya, ta fito ta koka, aka yi kunnen uwar shegu da ita. Wai wasan maza ya fi tsawo, ya fi jan 'yan kallo. A Paris fa! Inda kofin da ake miƙa wa zakarar mata sunan Suzanne Lenglen, tsohuwar gwanar tennis ta Faransa, gare shi, fili na biyu a girma ma sunanta aka sa masa tun 1997.

Wa ya taɓa cika fili irin Lenglen? A 1919, tana 'yar shekara 20, ta je gasar Wimbledon ta Ingila ta doke Dorothea Lambert Chambers wadda ta ci kofin sau bakwai, 10-8, 4-6, 9-7, Sarkin Ingila da Sarauniya na zaune suna kallo. Sau shida ta ɗaga kofin nan. Cincirindon masu zuwa kallonta na cikin abin da ya sa Wimbledon ta bar tsohon filinta ta koma babba a 1922. Mace ce ta cika fili har ya yi kaɗan.

A Fabrairun 1926 da ta kara da Helen Wills 'yar Amurka a birnin Cannes na Faransa, waɗanda suka rasa tikiti bishiyoyi suka hau, wasu kan rufin gidajen maƙwabta. Zagaye biyu kacal aka buga, 6-3, 8-6. Wa ya ce bai more kuɗinsa ba?

Kar wanda ya zo mini da zancen gajartar wasa. In gajarta ce damuwarku, ku sa wasa biyu a daren. Jama'a gwani suke bi, namiji ne ko mace, kuma kun sani.

Wani abin da ke sosa mini rai game da Lenglen, baiwar Allah, shekaru tana tara wa masu shirya gasa kuɗin ƙofa ba a biyanta lada. Da ta karɓi dala 50,000 a 1926 ta tafi rangadin wasa Amurka, sai Wimbledon ta soke mata zama mambar girmamawa saboda ta koma wasa don kuɗi. Ta rasu a 1938 tana da shekara 39 kacal.