Komjango, kifin Busan da ake babbakawa da kara

Sai da na shekara biyu a Busan, Koriya ta Kudu, kafin na yarda na ci komjango. Duk wanda ya taɓa leƙa bokitinsa a kasuwar Jagalchi ba zai ga laifina ba. Abu ne kamar maciji, launin hoda-hoda, ba muƙamuƙi, ba ɓawo, idon ma fata ta lulluɓe shi. Da an taɓa shi sai ya saki wani yauƙi mai kauri, nan da nan ruwan bokitin ya koma kamar an kaɗa karkashi. Idan yauƙin ya dame shi kuma, sai ya ƙulle jikinsa kamar igiya ya tsiyaye shi.

To amma da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga ba ni da bakin ƙyama. Ni da na tashi da miyar kuɓewa, na ci gaiwar da aka tono daga busasshen taɓo, na sha siyan soyayyar fara a bakin titi?

Yunwa ce ta kawo komjango kan faranti. A zamanin mulkin Japan a Koriya fatarsa ake nema don jima. Da yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya cika Busan da 'yan gudun hijira, sai naman da ake watsarwa ya zama abin gasawa a bakin teku. Yau ga shi ya yi tsada, har daga Amurka ake shigo da shi. A 2017 ma wata babbar mota ta yi hatsari da lodinsa a jihar Oregon, yauƙi ya wanke titi da motocin mutane.

Gashin iri-iri ne. Akwai na gishiri zalla, akwai wanda ake cakuɗawa da jan yajinsu gochujang da albasa da tafarnuwa, a naɗe a ganye a kai baki, a ƙarshe a soya shinkafa a sauran romon. Wanda ya tafi da ni shi ne na yankin Gijang da ke Busan. Kara ake cinnawa, wato tattakar shinkafa, a jefa kifin cikin harshen wuta har ya yi baƙi ƙirin, sannan a sa safar hannu a saɓule fatar. Babbaka ce sak, irin ta kai da ƙafa ranar Babbar Sallah. Ƙaurin kawai ya mayar da ni tsakar gidanmu. Naman da ɗan tauri, yana ƙurus-ƙurus a haƙori. Mutanen garin da giyar soju suke korawa, ni da ruwan sha'ir, kuma nakan tambaya ko an zuba giyar girki a yajin.

Inda muka raba gari shi ne fiɗar. A Jagalchi na ga wata dattijuwa ta kafe kan kifin a katako da tsinke, ta zare fatar da ja ɗaya, ta datsa, guntayen suna ta mutsu-mutsu a kan wuta. Abokina ya ce jijiya ce kawai ke motsi. Ko da haka ne, fatar dai da ransa aka cire ta. A mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa halal ne ba sai da yanka ba, amma an hore mu da kyautata wa abin da za mu kashe.

Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na tuna yadda ake zuba wa tarwada gishiri da ranta a gida, tana birgima a roba har ta mutu. Na ja bakina na yi shiru, na ce wa dattijuwar nawa ta fara cire kan tukuna.