Ta ina DNA ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke isa ga garkuwar jiki?

Wani labari da na karanta ya ce garkuwar da aka haifi mutum da ita tana gane Plasmodium, wato ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta DNA ɗinta (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta), amma bai nuna hanyar da DNA ɗin ke bi ba, alhali a ganina nan ne gishirin zancen yake. Idan ƙwayar ta cinye himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, takan bar wani baƙin saura mai suna hemozoin, wanda DNA ɗinta ke manne masa. Da fararen ƙwayoyin jini sun haɗiye shi, sai TLR9, wani furotin mai gadi a cikinsu, ya tsinkayi DNA ɗin; in kuma hemozoin ya huda jakar da aka kulle shi a cikin farar ƙwayar jinin, DNA ya tsiyayo, furotin biyu masu suna cGAS da STING su sa a saki intaferon, sinadarin da ke faɗakar da garkuwar jiki. Sinadaran kumburin da wannan artabu ke haifarwa suna cikin abin da ke kawo zazzaɓi da rawar sanyi.