Wanda ya ja layin iyaka ya riga mai ƙuri'a yin zaɓe

A jihar Illinois ta Amurka, daga 2020 zuwa yau, gundumomi sama da 30 sun kaɗa ƙuri'ar jin ra'ayi cewa a duba yiwuwar raba su da Chicago, birni mafi girma a jihar, su kafa sabuwar jiha. Mutanen karkara ne, manoman masara da waken soya, kuma kukansu ɗaya ne: duk abin da suka zaɓa, birnin ne ke yanke hukunci. Ina jin zafin wannan kuka, amma ban yarda da maganin da suke nema ba.

Ga dalilin da ya sa maganar ta wuce rigimar gida. A zaɓen 2020 Joe Biden ya ci Illinois da ratar ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, alhali ratarsa a gundumar Cook kaɗai, inda Chicago take, ta haura miliyan 1.1. Ke nan da za a yanke Cook a ajiye gefe, Donald Trump ne ya ci sauran jihar. Babu mutum ɗaya da ya sauya ra'ayi, babu wanda ya yi ƙaura, alƙalami kawai ya bi taswira, sakamako ya juye. Kuma da yake kowace jiha sanata 2 take da su, komai yawanta komai ƙanƙantarta, sabuwar jihar karkarar za ta shigo majalisar dattawa da kujeru 2 da kusan an san jam'iyyar da za ta riƙe su tun kafin a buɗe rumfar zaɓe. 'Yan siyasar Amurka sun daɗe da sanin wannan lissafi. A 1889 aka shigar da yankin Dakota a matsayin jihohi biyu, ta Arewa da ta Kudu, jam'iyyar Republican ta samu sanata 4 maimakon 2.

Ita kanta Chicago layi ne ya kawo ta Illinois. A 1818, lokacin da ake kafa jihar, wakilin yankin a majalisa, Nathaniel Pope, ya sa aka kai iyakar arewa kusan mil 60 gaba da layin da aka fara shatawa, domin jihar ta samu gaɓar Tafkin Michigan. Ba don haka ba, da yau Chicago tana cikin Wisconsin, jihar da Trump ya ci a 2016 da ratar kusan 23,000, Biden ya ƙwace a 2020 da kusan 20,000. Zuba mata ƙuri'un Chicago ka gani ko wani ɗan takara zai sake ɓata lokacinsa wajen yaƙin neman zaɓe a can.

To me ya sa nake adawa da rabuwar? Saboda taswirar ja (Republican) da shuɗi (Democrat) da ake nuna mana daren zaɓe tana ɓoye mutane. A cikin Cook ɗin nan, sama da mutum dubu 500 ne suka zaɓi Trump a 2020. Idan 'yan uwansu na karkara suka tafi, su wa zai sake waiwayarsu? Haka masu zaɓen Democrat na garuruwan Champaign da East St. Louis da ke wajen Cook, su ma za su wayi gari cikin jihar da ƙuri'arsu ba ta da nauyi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: maimakon jiha ɗaya mai 'yan tsiraru da ke jin an danne su, an samu biyu, kuma a kowacce gwamna ba ya bukatar ya saurari wanda bai zaɓe shi ba. Akwai kuma batun kuɗi, domin harajin birnin da kewayensa ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na hanyoyi da makarantun kudancin jihar.

Tsarin mulkin Amurka ma bai sauƙaƙa ba. Sai majalisar jihar da ke Springfield ta amince, sannan majalisar tarayya ta amince, kuma babu jam'iyyar da za ta miƙa wa abokiyar hamayyarta kujeru da hannunta.

A ganina ciwon yana cikin dokar da ta ce wanda ya fi ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi zai kwashe dukkan wakilan zaɓen shugaban ƙasa na jihar (wato wakilan da ƙuri'arsu ke tantance wanda zai zama shugaban ƙasa), waɗanda a Illinois yanzu 19 ne. Maine da Nebraska ba sa yin haka, suna raba wani kaso bisa mazaɓu. Shi ya sa yankin Omaha na Nebraska ya ba Obama wakili ɗaya a 2008, ya ba Biden a 2020, yayin da karkarar Maine ta ba Trump nata a 2016 da 2020 da 2024. Su ma mazaɓun ana iya murɗa iyakokinsu, na sani, don haka na fi son a raba wakilan daidai da kason ƙuri'ar da kowane ɗan takara ya samu a faɗin jihar. Wannan gyara majalisar Illinois za ta iya yinsa da kanta, ba sai ta nemi izinin Washington ba.