Ƙararrawar ƙarya: yadda Ingila ke hukunta ta, da abin da ya dace da mu a Najeriya

Duk wanda ya zauna a Ingila ya san kukan ƙararrawar gobara. 'Yar na'ura ce fara a manne da silin, amma in ta ɗauki kuka sai kowa ya fito, mai rigar barci da mai ɗaure da tawul, a yi cirko-cirko cikin sanyi har 'yan kwana-kwana su zo su duba. Sau tari babu wuta. Ko wani ne ya manta tukunya a kan murhu, ko tururin wanka, ko ƙurar masu gyaran gini. Kusan kashi 40 cikin 100 na fitar da 'yan kwana-kwanan Ingila ke yi a shekara irin wannan ce.

Doka a nan ta bambanta mai ganganci da mai sakaci. Mai ganganci, wato wanda ya kira ya ce gobara ta tashi alhali ya san ƙarya yake yi, sashe na 49 na dokar hukumomin kashe gobara ta 2004 ya tanadar masa tarar da za ta iya kaiwa fam 2,500, ko ɗauri, ko duka biyun. Wannan ba ni da ja a kansa.

Na mai sakaci ne ya fi ɗaukar hankalina, don ba kullum ake cin sa tara ba, daina zuwa masa ake yi. Ƙararrawar ɓarayi da ke haɗe da 'yan sanda sai an yi mata rajista an ba ta lamba. Ta yi kukan banza sau 3 cikin wata 12, sun janye; mai gida ya gyara kayansa, a ga an ɗauki lokaci ba ta sake ba, sannan su dawo. 'Yan kwana-kwana ma sun bi sahu. Tun 1 ga Yulin 2023 na Sikotland suka daina fita don kukan na'ura kawai a ofisoshi da shaguna da masana'antu, sai an tabbatar akwai wuta ko alamarta. Na Landan suka soma nasu a Oktoban 2024, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 8:30 na dare, amma ban da gidajen zama da asibitoci da makarantu.

Hujjarsu a fili take. Motar da ta tafi duba ƙonannen abinci ba ta nan lokacin da wani gida ke ci da wuta, ga kuma haɗarin gudu da jiniya cikin cunkoso. Duk da haka raina bai kwanta da tsarin ɗari bisa ɗari ba. Yanzu nauyin ya koma kan ɗan gadi ko mai shara, shi ne zai hau bene ya leƙa ya gani ko da gaske ne. Kuma da yawa daga cikin masu waɗannan ayyuka baƙi ne irinmu.

A Najeriya matsalar ta sha bamban. A nan Ingila na'ura ce ke ƙarya, a gida Najeriya mutum ne. Hukumar kashe gobara ta jihar Kano takan fitar da alƙaluman kiran da ta samu, kuma cikinsu akwai kiran ƙarya. Lambar gaggawa ta 112 kyauta ce, shi ya sa wasu suka mai da ita abin wasa. Wallahi abin na ƙona min rai, domin motocin ba su da yawa, man mota da ruwa da ƙyar ake samu. In aka fitar da mota ɗaya a banza, wata unguwa guda aka bari ba kowa. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ya san mintuna kaɗan ne tsakanin rumfa ɗaya da layi guda.

Don haka ina goyon bayan a hukunta mai kiran ƙarya da gangan, kuma tunda aka haɗa layukan waya da lambar NIN gano shi ba zai yi wuya ba. Amma kada a kwaso tsarin "sai an tabbatar" a kai mana. Su Turawa yawan ƙararrawa ne ya ishe su; mu kasuwanninmu da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa ko guda ɗaya babu. Kuma lallai a ware wanda ya ga hayaƙi ya kira da zuciya ɗaya daga maƙaryaci, kamar yadda alƙaluman Ingila ke ware su. In mutane suka fara tsoron tara, za su tsaya jiran su ga harshen wuta kafin su ɗaga waya.

Sai 'yan'uwana mazauna nan Ingila. Na sha shiga gida na tarar an rufe na'urar hayaƙi da leda ko safa, wai don kada ta yi kuka lokacin girki a caji mutum. Don Allah a daina. A buɗe taga, a kunna fankar murhu, a rufe ƙofar kicin. In na'urar na yawan kuka ba dalili, a kai ƙara wurin mai gida ya sauya mata wuri ko ya sa irin mai jin zafi a kicin, tunda ita tururi da hayaƙin suya ba sa tayar da ita.